DIYYAR RAUNIN ƘAFA A HATSARIN MOTA: YAYA ZA MU AUNA TA DA ADALCI?

Jawabin da kwamitin sulhu na ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata a Agege, Legas



Shugabannin ƙungiya sun umurce mu da mu yi wa jama'a bayani a kan wata matsala da ta fi kowace yawan zuwa gaban kwamitinmu, wato maganar diyyar mutumin da mota ko babur ko Keke Napep ya ji wa rauni a ƙafa. Kun san yawancin mutanenmu a nan Legas da ƙafa suke cin abinci. Ɗan dako a Mile 12, ɗan garuwa a Idi-Araba, mai tura baro, mai tallar goro, mai gadi, mai kora dabbobi a Oko-Oba, kowannensu ƙafarsa ita ce jarinsa. Ranar da ta sami matsala, tukunyar gidansa ta nan da ta can Arewa duk sun sauka daga murhu.

Abin da muke gani kusan kullum iri biyu ne. Akwai wanda za a take masa ƙafa, a kai shi kemis a ɗaure, direba ya damƙa masa 'yan dubbai, shi kuma ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Bayan wata uku ƙafa ta ƙi takuwa, direba ya ɓace, sai a dawo ana yawo da faranti a masallaci. Akwai kuma wanda za a ɗan goge shi, danginsa su taru su yanka wa mai mota kuɗin da ko motar ya sayar ba zai iya biya ba. Duka biyun babu adalci a ciki. Kada kuma mu manta, yau namu aka buge, gobe namu ne zai buge na wani, domin mu ma muna da direbobi da masu babura. Saboda haka mudun da za mu auna wa kanmu da shi, da shi za mu auna wa maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo da sauransu.

Ƙafa ba ƙashi ɗaya ba ce

Kafin a yi maganar kuɗi sai an san abin da ya lalace. Likitoci sun nuna cewa ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26: guda 7 a wajen dunduniya da idon sawu, dogaye 5 a tsakiyar tafi, 14 kuma a yatsu. Ga jijiyoyi da hanyoyin jini da suka ratsa tsakaninsu. To, idan tayar danfo ta bi ta kan wannan wuri, abin da ido ke gani a ranar farko kaɗan ne daga cikin abin da ya auku.

Karayar dogon ƙashi ɗaya na tsakiyar tafi, idan bai goce ba, takan haɗe cikin mako 6 zuwa 8. Karayar dunduniya kuwa wani abu ne daban. Mutum yakan yi kusan wata 3 bai taka ƙafar ba, sau da yawa sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma ko ta warke takan bar masa ciwon gaɓa na shekaru. Akwai kuma gocewar gaɓoɓin tsakiyar tafi, wadda wani lokaci hoton ƙashi na farko ba ya nuna ta sosai, a ce wa mutum targaɗe ne, alhali nan gaba ita ce za ta hana shi ɗaukar kaya. Idan taya ta saɓule fata, ko ƙashi ya fito waje, to ga hatsarin ruɓa da ciwon sandarewar wuya, musamman ga mai ciwon suga.

Muna girmama maɗoranmu, sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma muna roƙo, a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto. Ƙafar da ta kumbura aka ɗaure ta tamau da karare, jini yana iya yankewa, ta yi baƙi, a ƙarshe sai yankewa. Ban da haka, maɗori ba ya ba da takardar da kotu ko kamfanin inshora za su karɓa. Muna da Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Igbobi nan kusa da mu, irinsa ne ke Dala a Kano da kuma Inugu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana asibiti ya ƙi duba mutumin da aka kawo cikin halin gaggawa. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce 122.

Abin da malamai suka karantar da mu

Mutanenmu da yawa in an ce diyya, abin da suke nufi shi ne na littafi. To bari mu tuna wa juna abin da ke cikin littattafan mazhabar Malikiyya da muka tashi da su, irin su Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Ƙafa ɗaya idan aka yanke ta, ko ta shanye ta daina amfani gaba ɗaya, rabin diyya ke nan, wato raƙuma 50 ko dinari 500. Kowane ɗan yatsa raƙuma 10 ne, ko dinari 100. Gaɓa ɗaya ta yatsa sulusin wannan, sai babban yatsa mai gaɓa biyu, kowace gaɓarsa raƙuma 5. Dinari ɗaya nauyinsa kimanin giram 4.25 ne na zinariya. Ke nan ƙafa ɗaya ta kama giram 2,125, ɗan yatsa ɗaya kuwa giram 425. Duk mai so ya je ya tambayi masu sayar da gwal farashin giram ɗaya a yau, ya buga lissafi, zai ga irin darajar da Musulunci ya ba gaɓar ɗan Adam.

Akwai ƙa'idoji uku a nan da suka shafe mu ƙwarai. Ta farko, ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Ta biyu, raunin da ba a ƙayyade masa adadi ba, kamar karayar da ta warke a karkace ko ta bar ɗingishi, ana barin sa ga kimantawar masana gwargwadon abin da ya ragu. Ta uku, idan kuskure ne kuma diyyar ta kai sulusi ko ta wuce, ba a ɗora ta a kan mai laifin shi kaɗai. Danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne suke tarayya su biya, kuma a hankali: cikakkiyar diyya a cikin shekara 3. Kun ga an duba wanda aka ji wa ciwo, an kuma duba wanda tsautsayi ya biyo ta hannunsa.

Amma fa mu sani, a nan Jihar Legas kotunan gwamnati ba da wannan lissafi suke hukunci ba. Idan ɓangarorin biyu Musulmi ne kuma sun yarda, suna iya sulhu a kansa a gaban malamai. Idan kuwa magana ta kai kotu ko kamfanin inshora, to wani mudu ne daban, kuma wajibi ne mu san shi.

Yadda kotu take aunawa

Da farko mu raba abu biyu da mutanenmu ke haɗawa. Shari'ar da 'yan sanda ke kai direba saboda tuƙin ganganci tsakaninsa ne da gwamnati. Tarar da aka ci shi aljihun gwamnati take shiga, majinyaci ba ya ganin ko kwabo. Neman diyya ƙara ce daban, wadda wanda aka ji wa rauni zai shigar da kansa, ya nuna cewa sakacin direba ne ya jawo masa abin da ya same shi. Idan direban yaron wani ne, kuma yana kan aikin ubangidansa lokacin da abin ya faru, to ana haɗa ubangidan ko kamfanin a cikin ƙarar.

Kotu tana kasa diyya gida biyu. Kashi na farko shi ne asarar da za a iya ƙirgawa: kuɗin asibiti, magani, hoto, aiki, sandar dogarawa, kuɗin mota zuwa asibiti, ladan mai jinya, da kuɗin da mutum ya rasa a kwanakin da bai fita nema ba. Wannan kashi sai an jera shi dalla-dalla an kuma kawo shaida, yawanci rasit. Abin da ba a tabbatar ba alƙali ba zai ba da shi ba, ko da kuwa ya tausaya. Kashi na biyu shi ne wanda ba shi da rasit: zafin ciwo da wahalar da aka sha, rashin jin daɗin rayuwa kamar mutum ya kasa durƙusawa ko tafiya mai nisa ko zaman tahiya, da raguwar ƙarfin neman abinci nan gaba. A nan alƙali yana duba rahoton likita, da shekarun mutum, da sana'arsa, da abin da kotuna suka bayar a raunuka masu kama da wannan, da kuma faɗuwar darajar naira.

Shi ya sa rauni iri ɗaya ba ya zama kuɗi ɗaya. Akawun da ke zaune a ofis idan dunduniyarsa ta warke da ɗan ɗingishi zai koma kujerarsa albashinsa bai ragu ba. Ɗan dakon da ke sauke buhun albasa, wannan ɗingishin ya raba shi da sana'arsa.

Bari mu buga misali, alƙaluman namu ne don a gane hanya, ba farashi muka yanka ba. A ce ɗan dako ne mai shekara 35, yana samun naira 5,000 a rana, yana fita kwana 26 a wata, wato 130,000. Mota ta karya masa dunduniya ya yi wata 4 a kwance, ya rasa 520,000. Asibiti ya ci 400,000, zirga-zirga 50,000, mai jinya 90,000, jimla 540,000. Kashi na farko ya tashi 1,060,000 ke nan. Da ya warke, likita ya ce ba zai ƙara ɗaukar kaya mai nauyi ba, ya koma tireda yana samun 3,500. Ragin 1,500 ne a rana, 39,000 a wata, 468,000 a shekara. Ko da yana da sauran shekara 20 na ƙarfi a gaba, ba a ninka wannan da 20 cif, saboda kuɗin a dunƙule za a ba shi yanzu, kuma ba wanda ya san gobe. A ce an ninka da 10, ya zama 4,680,000. Haɗa da na farko, 5,740,000, tun ba a sa kuɗin zafin ciwo ba. To ku kwatanta wannan da 200,000 da akan miƙa wa irin wannan bawan Allah a ƙofar caji ofis.

Sai dai akwai wani abu da ba mu son ji, amma gaskiya ne. Idan majinyacin yana da nasa laifin, ana rage masa. Wanda ya bar gadar masu tafiya a ƙasa a Ojota ko Ketu ya tsallaka titi da gudu, ko ya bi hannun da ba nasa ba a kan babur, kotu tana iya cewa rubu'in laifin nasa ne. A misalinmu za a cire 1,435,000, ya rage 4,305,000. Don haka idan muka zauna sulhu, mu faɗi gaskiyar yadda abin ya auku ko da a kan namu ne.

Wa zai biya?

Nan ne gizo ke saƙa. Direban danfo mai kai balas kullum ba shi da miliyan huɗu. Wannan ne dalilin inshorar dole ta abin hawa, wadda ake yi don kare mutumin da aka buge. Tun dokar 1945 ta zamanin Turawa aka wajabta ta, kuma sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2025 ta ci gaba da wajabta ta. Daga ranar 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida maimakon 5,000, Keke Napep 5,000, babur 3,000. Naira miliyan 3 da kuke ji ana faɗa, iyaka ce da aka sa wa ɓarnar dukiya, kamar mota ko shago da aka buge. Kada wani ya ce muku ita ce iyakar kuɗin raunin jiki.

Matsalar ita ce takardun bogi. Mutanenmu da yawa suna ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo musu takarda don a nuna wa 'yan sanda a hanya, ranar da tsautsayi ya faɗa sai a tarar babu kamfanin da ya san da ita. Muna kira ga direbobinmu da masu babura, ku yanki ta gaskiya a hannun kamfani mai lasisi, ku tabbatar lambar motarku ta shiga rajistar inshora ta ƙasa. Mai ƙyamar inshorar da aka saba, akwai kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci tun 2016. A gari irin wannan da ba wanda ke da aƙila a kusa, wannan takarda da asusun ƙungiya su ne za su tsaya maka. Kuma idan hatsari ya auku, direba ya sanar da kamfaninsa nan da nan, kada ya sa hannu a wata yarjejeniya ba da saninsu ba, domin suna iya fakewa da haka su ƙi biya.

Masu aikin albashi, kamar masu gadi da direbobin kamfani, kuna da wata ƙofa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF, kuma ta haɗa da hatsarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Ku tambayi wurin aikinku ko sun yi muku rajista tun kafin buƙata ta taso.

Sai maganar lokaci. A Jihar Legas ƙarar raunin jiki ta sakaci tana da wa'adin shekara 3. Idan kuwa motar hukuma ce ta gwamnati, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal. Saboda haka duk wanda motar gwamnati ta buge, a nemi lauya a makon farko, kada a tsaya jiran alkawarin baki. Marar hali yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, ko Ofishin Lauyan Talakawa na Jihar Legas. Akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Legas da aka buɗe a 2002, inda yarjejeniyar da aka ƙulla, in alƙali ya sa mata hannu, take zama kamar hukuncin kotu.

Shawarwarin kwamiti

Muna roƙon wannan taro ya amince da waɗannan abubuwa, su zama ƙa'idarmu daga yau.

Na ɗaya, duk hatsarin da ya shafi ɗanmu, a fara da asibiti. Wanda ke wurin ya ɗauki hoton lambar mota, da wurin, da raunin, ya karɓi lambar wayar shaidu biyu, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda a ranar.

Na biyu, sulhu ya zama hawa biyu. A zaman farko mai mota ya ɗauki nauyin magani da abincin iyalin majinyaci, a rubuta cewa wannan somin taɓi ne. Zama na biyu sai likita ya ba da rahoton ƙarshe a rubuce, ya faɗi abin da ƙafar za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ta ce an gama magana alhali ƙafa tana cikin siminti. Wanda bai iya Turanci ba, a karanta masa a fassara masa a gaban shaidu.

Na uku, kowane rasit a adana shi, ko na naira 500 ne. Masu sana'ar hannu da ba su da takardar albashi, littafin adashi, da shaidar sarkin dako ko shugaban layi, da bayanan tura kuɗi gida ta waya, duk suna taimakawa wajen nuna abin da mutum ke samu.

Na huɗu, yafiya hakkin mai ciwo ce shi kaɗai. Yafewa alheri ne mai lada, amma sai mutum ya san abin da yake yafewa, kuma da ransa ya yi. Kada wani babba ya yafe a madadinsa don a ce masa dattijo, kada kuma a yi sulhu a kan raunin yaro ƙarami ko maraya da abin da zai cuce shi in ya girma. Masu shiga tsakani kuma su ji tsoron Allah, kuɗin majinyaci ba na kamasho ba ne.

Na biyar, idan namu ne ya buge wani, ƙungiya ta riga kowa zuwa asibiti ta gaishe da majinyaci, ta tsaya a yi masa irin lissafin da muka yi a sama. Masu hali su taimaka wa direban, a kuma raba masa biya kashi-kashi yadda zai iya.

Na shida, ba dukan direba, ba ƙona mota. Waɗanda suke nan a watan Maris na 2016 sun ga abin da ya faru a Mile 12, inda rahotanni suka nuna rikicin ya faro ne daga hatsarin babur, aka yi asarar rayuka, aka rufe kasuwa. Mu baƙi ne masu neman halaliya, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Jama'a, kuɗi ba ya mayar da ƙafa yadda Allah ya halicce ta. Abin da diyya ke yi shi ne ta hana mai rauni komawa bara, ta kuma bar mai biya da abin da zai ci gaba da riƙe iyalinsa. Duk mai irin wannan matsala a yanzu, ko wadda ta wuce amma wa'adinta bai ƙare ba, ya same mu bayan an tashi, ya zo da duk takardun da ke hannunsa, ko da guntun katin asibiti ne.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu da tsautsayi da asara, ya mayar da kowa gidansa lafiya.